Yaro Da Harshe Biyu: Abin Da Aka Gani A Kanada Da Ife

Akwai wata tambaya wadda da wuya a sami malamin firamare da bai taɓa jinta daga bakin iyayen yara ba, har akawun da ke zaune a ofishin ilmi ma bai tsira daga gare ta ba. Mutum zai riƙo hannun ɗansa mai shekara biyar ko shida ya kawo shi makaranta, ya ce, "Malam, da wane harshe za ku fara masa? In kun fara masa da Hausa, yaushe zai iya Turanci? In kuwa kun ɗora shi kan Turanci tun yanzu, anya ba za a rikita masa kai ba?" Tambayar nan tana da nauyi, gama amsar da aka ba ta ita ce za ta raba tsakanin yaron da zai fita aji shida yana karatu yana gane abin da ya karanta, da wanda zai fita yana rera kalmomi kamar aku. Tun da yake gani ya kori ji, za mu kawo wa masu karatu labarin gwaji guda biyu da aka yi a kan wannan al'amari, ɗaya a ƙasar Kanada, ɗaya a nan Nijeriya. Duk wanda ya dube su sama-sama zai ce sun saɓa wa juna, amma in ya natsu zai ga darasi ɗaya suke koyarwa.

Tsohon zato

Da fari dai ya kamata a sani, tsoron nan na cewa harshe biyu yana rikita yaro ba iyayenmu suka fara shi ba. Manyan masanan Turai sun daɗe a kansa. A 1923 wani malami mai suna Saer ya jarraba yara wajen 1,400 a ƙasar Wels ta cikin Birtaniya, ya fito ya ce yaran ƙauye masu jin harshen Wels da Ingilishi ba su kai masu jin Ingilishi kaɗai basira ba. A Amurka ma an yi ta samun irin wannan magana a kan 'ya'yan baƙi da suka yi ƙaura zuwa can. Daga baya aka gano inda gizo ke saƙa. Sau da yawa masu binciken zamanin nan sukan gwada ɗan matalauci da ɗan mai hali, ko kuwa su yi wa yaro jarrabawa cikin harshen da bai gama ji ba, sa'an nan in ya faɗi su ɗora laifin a kan harshe biyu.

A 1962 wasu masana biyu na Jami'ar McGill da ke birnin Montiriyal, watau Elizabeth Peal da Wallace Lambert, suka sake gwajin da kula. Suka zaɓi yara masu shekara 10 waɗanda gidajensu suka yi kusan daidai wajen arziki, suka gwada masu jin Faransanci da Ingilishi da masu jin Faransanci kaɗai. Sai ga shi masu harshe biyu sun yi gaba a yawancin jarrabawar. Gaskiya ne har yanzu masana suna gardama a kan ko harshe biyu yana ƙara wa mutum kaifin tunani, don binciken da aka yi a baya-bayan nan wani ya tabbatar, wani bai tabbatar ba. Abin da babu sauran gardama a kansa shi ne, jin harshe biyu ba ya rage wa yaro hankali, ba ya kuma hana shi yin magana. In aka ji ƙaramin yaro yana cakuɗa kalmomin harshen nan da na wancan, kada a ɗauka ruɗewa ya yi. Aron kalma yake yi inda ta yanke masa, kamar yadda manya ke yi a kasuwa kullum, kuma da girma yakan san inda zai ajiye kowanne.

Kunnen jariri

Amfanin farawa da wuri ya fi bayyana wajen lafazi. A 1984 Janet Werker da Richard Tees suka yi gwaji a Kanada da jarirai 'yan gidajen masu jin Ingilishi. Suka riƙa jiyar da su waɗansu baƙaƙe masu kama da juna na harshen Hindi na ƙasar Indiya, da na wani harshe na mutanen asali na yammacin Kanada. Jarirai 'yan wata 6 zuwa 8 suka riƙa bambance sautukan nan ba wahala, amma 'yan wata 10 zuwa 12 yawancinsu sun daina, domin kunnensu ya riga ya karkata ga harshen da suke ji a gida.

Mu ba sai an yi mana dogon bayani a nan ba. Kowa ya san yadda baƙon da ya koyi Hausa da girma yake fama da kafa da ƙafa, da bata da ɓata, da dari da ɗari, ko da ya shekara ashirin a cikinmu. Ɗansa kuwa da aka haifa a unguwa, yana wasan ƙasa da yaranmu, in yana magana a bayan danga ba mai cewa ba Bahaushe ba ne. Haka yaran Fulani da na Barebari da na Nufawa suke tashi da harshen gida da Hausa tare, ba wanda ya zaunar da su ya koya musu. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. To, amma a lura, saurin kama lafazi daban, zurfin ilmi daban, kuma a nan ne labarin gwaje-gwajen nan biyu zai yi mana amfani.

Abin da ya faru a Kanada

A jihar Kebek ta ƙasar Kanada yawancin mutane Faransanci suke ji, amma akwai masu jin Ingilishi a cikinsu. A wani gari mai suna Saint-Lambert, wanda ke ƙetaren kogi daga Montiriyal, waɗansu iyaye masu jin Ingilishi suka lura 'ya'yansu suna shekara da shekaru ana koya musu Faransanci na 'yan mintoci kowace rana, amma su gama makaranta ba su iya hira da maƙwabcinsu ba. A 1963 suka fara taruwa suna shawara, waɗansu mata uku suna gaba, su ne Murielle Parkes da Olga Melikoff da Valerie Neale. Suka nemi shawarar Wallace Lambert ɗin nan da muka ambata, wanda sunansa da na garin karo kawai suka yi, da kuma Dokta Wilder Penfield, shahararren likitan ƙwaƙwalwa na Montiriyal. Hukumar makarantu ta yi ta ja musu rai, sai a watan Satumba na 1965 ta yarda aka buɗe aji ɗaya na share fage, da yara 26.

Tsarin da aka bi mai sauƙin faɗi ne. Tun ranar farko malama ba ta yi wa yaran magana sai da Faransanci, da shi ake wasa, da shi ake waƙa, da shi ake ƙirga. Amma malamar tana jin Ingilishi, kuma ba a hana yaro ya amsa da harshen gidansu ba, balle a buge shi ko a ci shi tara. Da Faransanci aka fara koya musu karatu da rubutu, sai a aji biyu aka shigo da darasin Ingilishi, aka riƙa ƙara masa lokaci shekara bayan shekara.

Masanan McGill suka bi yaran nan suna jarraba su kowace shekara, har Lambert da abokin aikinsa Richard Tucker suka buga sakamakon a littafi a 1972. Da farko yaran sun ɗan yi baya wajen karatun Ingilishi, amma da aka fara koya musu shi ba a daɗe ba suka cim ma tsararrakinsu na makarantun Ingilishi. A lissafi ba su yi baya ba. Faransancinsu kuwa ya wuce na masu koyonsa a matsayin darasi nesa ba kusa ba, ko da yake binciken baya ya nuna sun fi ƙwarewa wajen ji da karantawa, wajen magana da rubutu kuwa sukan yi kurakuran nahawu da ɗan asalin harshen ba zai yi ba. Tsarin ya bazu ko'ina cikin Kanada, har ya kai ga ana ƙirga yara fiye da 400,000 a irin waɗannan azuzuwa cikin shekara guda.

Mai karatu zai ce, to, ai magana ta ƙare, sai mu ma mu tsoma 'ya'yanmu cikin Turanci tun ranar farko. Kada a yi gaggawa, a saurari labari na biyu tukuna.

Abin da ya faru a Ife

A 1970 Farfesa Aliyu Babatunde Fafunwa na Jami'ar Ife, wanda daga baya ya zama Ministan Ilmi na Nijeriya, ya fara wani gwaji tare da abokan aikinsa a makarantar firamare ta St. Stephen da ke Modakeke, kusa da Ife. A lokacin al'adar makarantun yankin ita ce a koyar da yara da Yarabanci shekara uku, sa'an nan a juya zuwa Turanci. Fafunwa ya ce a gwada koyar da waɗansu yara dukan darussa da Yarabanci har shekara shida, lissafi da kimiyya da sanin zaman jama'a duka, Turanci kuwa a koyar da shi tun daga aji ɗaya a matsayin darasi, a hannun malamin da ya ƙware a kansa. Aka zauna aka rubuta littattafai, aka ƙirƙiro kalmomin kimiyya da na lissafi da Yarabanci. A 1973 aka faɗaɗa gwajin zuwa waɗansu makarantu goma, na gari da na ƙauye.

Mutane da yawa sun yi tsammani yaran nan za su fito ba Turanci. Da aka jarraba su sai aka tarar Turancinsu bai kasa na waɗanda aka juya wa harshe a aji huɗu ba, sau da yawa ma ya fi, kuma a sauran darussa sun yi gaba. Masu suka sun ce ai kyawun littattafai da horon malamai sun taimaka, kuma maganarsu tana da ƙamshin gaskiya. Duk da haka babu wanda ya iya nuna cewa shekara shida ta karatu da harshen gida ta toshe wa yaran ƙofar Turanci.

Darasi ɗaya

Ga shi a Kanada an fara da baƙon harshe an ci nasara, a Ife an fara da harshen gida an ci nasara. Ina sirrin yake? Yana ga halin da harshen gida yake ciki. Yaron Saint-Lambert in ya tashi daga makaranta zai koma gidan da ke cike da littattafan Ingilishi, iyayensa suna karanta masa labari kafin barci, rediyo da talabijin da allunan titi duk suna yi masa magana da harshensa, kuma ba wanda ya taɓa gaya masa cewa harshen uwarsa abin kunya ne. Malamarsa ta iya Faransanci sarai, kuma tana jin abin da yake faɗa. Saboda haka Faransanci ƙari ya zame masa a kan abin da yake da shi. Lambert da kansa ya ja kunnen mutane a kan wannan, ya raba koyon harshe na biyu gida biyu: akwai wanda ake ƙara wa yaro harshe a kan nasa, akwai wanda ake karɓe nasa a musanya masa da wani. Na farko shi ya yaba, na biyu kuwa ya ce ɓarna ce.

Yanzu a dubi yaron ƙauyenmu. Ba ya jin Turanci a gida, ba ya jinsa a kasuwa, ba ya jinsa a masallaci. Ajinsu yana iya kai yara tamanin ko ɗari, littafi ɗaya mutum biyar, wani lokaci malamin kansa Turancin bai zauna masa ba. In aka ce a koya wa wannan yaro baƙaƙe da wasula cikin harshen da bai ji ba, an ɗora masa kaya biyu a lokaci guda, watau koyon karatu da koyon harshe. Abin da yakan biyo baya kowane malami ya sani: yaro ya haddace shafi ya rera, a tambaye shi ma'ana ya sunkuyar da kai. Wannan bai yi kama da abin da aka yi a Kanada ba ko kaɗan, ko da an kira su da suna ɗaya. Kama da wane ba ta wane.

Wani masani mai suna Jim Cummins, wanda shi ma a Kanada ya yi aikinsa, ya ƙara haske a kan al'amarin. Ya nuna cewa sau ɗaya ake koyon karatu. Yaron da ya gane cewa baƙi da wasali suna haɗuwa su ba da gaɓa, gaɓoɓi su ba da kalma, ba sai ya sake koyon wannan ba in ya shiga wani harshe, ɗauka zai yi ya tafi da shi. Haka wanda ya gane raba goma gida biyu da Hausa, sunayen lambobi kaɗai suka rage masa a Turanci. A 1981 Cummins ya duba sakamakon 'ya'yan baƙi a birnin Toronto, ya ga cewa yaro yakan iya hirar yau da kullum cikin sabon harshe a kamar shekara biyu, amma harshen littafi da na jarrabawa yakan ci shekara biyar zuwa bakwai. Wannan fa a garin da ake jin Ingilishi dare da rana ke nan. Ashe juya wa yaronmu harshe bayan shekara uku kamar cire wa gini katako ne tun siminti bai bushe ba.

Ba baƙon abu ba ne gare mu

Dattawan da suka yi aikin En'e sun san wannan hanya, domin ta ita suka bi. Makarantar da Hans Vischer, wanda aka fi sani da Ɗan Hausa, ya buɗe a Nasarawa ta Kano a 1909, da Hausa ta fara koyarwa. A elementare da Hausa ake karatu da rubutu da lissafi, sai an je midil Turanci ya karɓi ragama. Alhaji Abubakar Imam da Alhaji Sa Abubakar Tafawa Ɓalewa duk 'yan Kwalejin Katsina ne, kuma a gasar rubutu ta 1933 ɗaya ya rubuta Ruwan Bagaja, ɗaya ya rubuta Shaihu Umar. Hausar Tafawa Ɓalewa ba ta hana shi tsayawa gaban manyan duniya ya yi Turancin da Turawa da kansu suka yaba ba. Ba mu ce makarantun zamanin nan ba su da aibi ba, don yaran da suka samu shiga kaɗan ne ƙwarai, amma dai sun isa shaida cewa harsunan biyu suna zama a baki ɗaya lafiya.

Maƙwabtanmu na Nijar ma sun gwada. A 1973 aka buɗe makarantar gwaji ta farko a Damagaram, inda ake farawa da Hausa kafin Faransanci, daga baya aka ƙara irinta da Zabarmanci da Fulatanci da Barbarci da harshen Buzaye. A Nijeriya kuwa manufar ilmi ta ƙasa ta 1977 ta ce a fara firamare da harshen uwa ko harshen da jama'ar wurin suke ji. A 2022 Gwamnatin Tarayya ta amince a kai shi har shekara shida, sa'an nan a 2025 aka ba da sanarwar janye wannan tsari a koma ga Turanci. Hukunci na hukuma ne, amma ko wane tsari aka bi, akwai abubuwan da suka rage a hannun iyaye da malamai da ma'aikata.

Abin da ya rage gare mu

Iyaye su daina jin tsoron yi wa 'ya'yansu magana da harshensu. Ana samun gidaje yanzu, musamman a birane, inda uwa da uba suke tilasta wa kansu guntun Turanci da yara, suna zaton gata suke yi musu. Yaron da ya sha tatsuniya da kacici-kacici da karin magana wurin kakarsa, ya iya ba da labari daga farko zuwa ƙarshe, ya iya kawo dalili in an tambaye shi, ya riga ya sami harsashin da za a ɗora kowane harshe a kai. A saya masa littafin Hausa kamar yadda ake saya masa na Turanci, a kuma bar shi ya ji Turanci mai kyau da wuri, ta waƙa da wasa da hira da wanda ya iya.

Malamai kuma su tuna da malamar nan ta Saint-Lambert, wadda ba ta taɓa hukunta yaro don ya yi maganar gidansu ba. Al'adar cin tara ko bulala a kan wanda aka kama yana Hausa a harabar makaranta ba ta koya wa kowa Turanci, shiru kawai take koya wa yaro, kuma wanda ya saba da shiru a aji ya daina tambaya. In darasi ya cije, a warware shi da harshen da yara suke ji, a tabbata sun gane, sa'an nan a ba su shi da Turanci. A kuma tuna ba kowane yaro a Arewa ne Hausa take harshen gidansu ba. Abin da ba mu so Turanci ya yi wa ɗan Bahaushe, kada mu bari Hausa ta yi wa ɗan Bafulatani ko ɗan Babarbare ko ɗan Bagwari.

Akawuna da sauran ma'aikatan ofisoshin ilmi su ma suna da nasu rabo, gama ta hannunsu takardun canjin wurin aiki da na odar littattafai suke bi. Malamin da za a tura aji ɗaya ya kamata ya zama mai jin harshen yaran garin, wanda ya fi iya Turanci kuwa a ba shi darasin Turanci ya riƙe, kamar yadda aka yi a Ife. Littattafan karatu na harshen gida kada a bar su a sito gara tana ci, alhali yara suna zaune hannu wofi.

Saboda haka in uban nan ya sake zuwa da tambayarsa, malam yana da abin da zai gaya masa. Ɗansa zai iya ɗaukar harshe biyu, har uku in aka haɗa da Larabcin da yake koya a makarantar allo da ta Islamiyya, kuma fara jin su da wuri alheri ne gare shi, muddin an riƙe masa na gida da kyau an ɗora sauran a kansa. Allah ya ba malamanmu haƙuri da basira, ya raya mana yaran nan, ya sa su amfani ƙasarsu. Amin.